Filin wasa na Janar Seyni Kountché

Shi ne filin ƙwallo mafi girma a Nijar, wanda mutanen Yamai ke kira "sitad" kawai. An buɗe shi a 1989 da taimakon ƙasar Sin, yana ɗaukar ƴan kallo kusan 35,000.

An yi masa kwaskwarima domin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, waɗanda Yamai ta karɓa a Disamba 2005. Lokacin ne kuma aka gina gidajen saukar baƙi da suka zama unguwar Farankofoni ta yau. A 2019 filin ya ɗauki gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, shi da filin Maraɗi. Mali ce ta tafi da kofin.

To amma fa gina fili daban, riƙe shi daban. Hukumar CAF ba girman gini kaɗai take dubawa ba. Tana son ciyawa mai kyau, da magudanar ruwa a ƙarƙashinta don kada fili ya zama tabki da damina, da fitilun da suka isa talabijin ta ɗauki wasan dare, da kujera ga kowane ɗan kallo. Ciyawar nan ita ce mai wuya: a zafin bazarar Yamai, kwana kaɗan ba ban ruwa ta ƙone.

Da filin ya kasa cika sharuɗɗan, Mena ta riƙa yin wasanninta na "gida" a Kwatano da Marakesh. Ga kuɗin jirgi da masauki, ga magoya baya an bar su da rediyo.