Yadda injin motar haya ya zo yana jin sanyi a ƙasar zafi

A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, direbobin bas-bas masu tashi da asuba daga Tudun Kaya zuwa Karaye, Rogo ko birnin Kano sukan ga allurar zafin injin kwance a ƙasa, ko da mota ta yi tafiya mai nisa. Da yawa suna ɗaukar hakan alamar lafiya. Alhali kuwa sau da dama shaida ce cewa an cire wa motar wani ɗan ƙaramin bawul mai suna tamostat, kuma cirewar tana da tarihi.

Ana ƙera injin mota ne don ya yi aiki da zafin da ke tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos. A farkon zamanin mota, direbobin Turai da Amurka kan rufe fuskar lagireto idan sanyi ya yi tsanani, don injin ya riƙe ɗuminsa. A shekarun 1930 Sergius Vernet ya ƙirƙiro bawul mai aiki da wani irin kaki: muddin ruwan injin na da sanyi, bawul ɗin yana rufe, da zafi ya kai, kakin sai ya narke ya kumbura, ya buɗe wa ruwa hanyar lagireto. Wannan dabara ce har yau take cikin yawancin motoci.

A Nijeriya, damuwar direba ta fi karkata ga zafi. Tun daga 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, ƙirar 504 da 'yan uwanta suka cika hanyoyin Arewa, suna fama da ƙura, lodi fiye da kima, da ruwan rijiya mai toshe lagireto. Tamostat da ya maƙale a rufe yakan sa injin tafasa har gasket ya ƙone. Bakanike da ba shi da sabo a hannu sai ya cire shi ya yar, mota ta tashi, mai ita ya gode.

Bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mutane. Sai tsofaffin motocin Turai suka riƙa kwararowa ta Kwatano. Nan ne maganin gaggawa ya rikiɗe ya zama aƙida: wai an yi tamostat ne don ƙasashen ƙanƙara, don haka a cire shi da zarar mota ta iso, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa ba tsayawa.

Sai dai injin ya sauya, al'adar ba ta sauya ba. Motocin kafireto sun ba da wuri ga masu injekta, waɗanda kwamfuta ke auna musu mai gwargwadon zafin ruwa. Idan injin bai ɗumama ba, kwamfutar sai ta ci gaba da ƙara fetur kamar yanzu aka tayar da shi. Rarar man tana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ta gangara ta tsinka shi, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. A wasu injinan ma, rashin tamostat yana barin ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya bi lagireto sosai ba, har zafin da ake gudu ya dawo a watan Afrilu.

Gano matsalar ba ya buƙatar na'ura. A tayar da injin da safe, a dafa tiyon sama na lagireto, ana kiyaye hannu daga fanka. Idan ya fara ɗumi a hankali tun daga farko, to tamostat ya maƙale a buɗe ko babu shi. Mai lafiya yana barin tiyon da sanyi na 'yan mintuna, sannan zafi ya zo masa lokaci guda.

Shekaru da yawa arhar fetur ta rufe asirin wannan ɓarna. Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin mai, kowace lita tana fita ne daga ribar direba da kuɗin motar fasinja. Bawul ɗin da kanikawa suka shekara arba'in suna jefarwa, yanzu nemansa a kasuwar Ƙofar Ruwa ya fi sauƙi a kan biyan kuɗin rashinsa kullum a gidan mai.