Jarin da Raina Kama Ta Fara da Shi

Wannan makon za mu waiwayi Kano ta ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa duk muna cikin Jihar Kano, tunda sai a 1991 aka yanke Jigawa.

A lokacin tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya ba su cika waiwayar sabon marubuci ba. Sai matasa suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suka kuma haɗa kai a ƙungiyoyi: Raina Kama da Kukan Kurciya a Kano, Ruwan Dare a Kaduna. A Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba.

Ba su da injin buga littafi, ba su da kantin kansu. Abin da suke da shi sanayya ce da yarda. Duk wanda ya riƙi tsohon littafinsu zai ga tambarin ƙungiya da jerin littattafan sauran mambobi a ciki. Wato wanda ya sayi In Da So Da Ƙauna ya tafi gida da tallar littattafan abokan Ado, ba tare da sun biya ko kwabo ba. Farin jinin mutum ɗaya ya zama na kowa. Sabon shiga kuma ba sai ya yi lalube ba, akwai mai nuna masa maɗaba'ar da ba ta cin amana da ɗan kasuwar da ke biya in ya karɓi kaya bashi. Wannan zumuncin ya bi wasunsu har harkar fim a shekarun 1990.

Sai dai a ganinmu zumunci na da nasa tsadar. Da wuya ka dubi wanda kuke cin tuwo tare ka ce masa babi na uku bai yi ba. Zazzafan suka daga waje ya zo, daga irin su Ibrahim Malumfashi da ya kira rubutun Adabin Kasuwar Kano.

Mu yau a waya muke taruwa, ɗan Gwiwa na hira da ɗan Ɓaɓura kullum. Amma mu nawa ne muka taɓa sa sunan littafin wani a ƙarshen namu?