Yadda ake gina jimla irin ta "must be filled in" da ma'anarta a takardun ofis da na kasuwa

Duk wanda ya taɓa karɓar sanarwa daga ma'aikata, ko wasiƙar banki, ko takardar yarjejeniyar sayen kaya, ya ci karo da jimloli irin su "The form must be filled in" da "The meeting may be called off". Gajeru ne, amma kowacce ta tara abubuwa uku na nahawun Turanci a wuri guda, kuma kuskure a ɗaya daga cikinsu yana iya juya ma'anar saƙon baki ɗaya.

Abubuwa ukun da suka haɗu

Na farko shi ne aikatau mai 'yar rakiya, wanda Turawa ke kira "phrasal verb", sunan da marubuci Logan Pearsall Smith ya yaɗa a littafinsa na 1925. Aikatau ne da ke tafiya tare da wata ƙaramar kalma kamar "off", "out", "in", "up" ko "down", su biyun su ba da sabuwar ma'ana. "Call" kira ne, amma "call off" sokewa ne. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin shi ma ya san bambancin ci, da ci gaba, da cin bashi, da cin amana.

Na biyu shi ne jimla mai ɓoye aikau, wato wadda ake gabatar da abin da aiki ya faɗa wa, a jinkirta ko a bar ambaton wanda ya yi aikin. Hausa tana yin haka da "a", "an" da "za a": an rufe shago, za a biya albashi.

Na uku su ne mataimakan aikatau masu nuna dole, izini, shawara ko yiwuwa. Manyansu tara ne: can, could, may, might, shall, should, will, would da must.

Tsarin da ba ya sauyawa

Idan ukun suka haɗu, jerinsu ɗaya ne: mataimaki, sai "be", sai siga ta uku ta aikatau, sai 'yar rakiya. Siga ta uku ita ce ta ƙarshe a jerin da ake hardacewa a makaranta, kamar "written" a cikin write, wrote, written.

"The form must be filled in": dole a cike fom ɗin.
"The keys should be handed over": ya kamata a miƙa makullan.
"The goods may be held up at the port": mai yiwuwa a riƙe kayan a tashar jiragen ruwa.

A jimlar da aka ambaci aikau, 'yar rakiya tana iya matsawa. Ana cewa "They called off the meeting" ko "They called the meeting off", duka daidai ne. Amma da zarar an ɓoye aikau, karɓau ya koma farkon jimla, sai 'yar rakiya ta manne da aikatau ɗinta. In ana son ambaton mai aikin, bayanta yake zuwa: "The keys should be handed over by the storekeeper".

Wajen korewa, "not" tana bin mataimaki kai tsaye: "The payment cannot be put off", wato biyan ba ya ɗaguwa. Wajen tambaya kuwa, mataimaki kaɗai ke komawa gaba: "Can the payment be put off?"

Haɗarin yar da 'yar rakiya

Kuskuren da ya fi tsada shi ne barin ƙaramar kalmar a baya, ko musanya ta da wata. "The meeting will be called" na nufin za a kira taro, "will be called off" kuwa za a soke shi. "The debt must be paid off" umarni ne na biyan bashi gaba ɗaya, amma "The debt may be written off" na nufin mai yiwuwa mai bin bashin ya cire shi daga littafinsa a matsayin wanda ba ya sa ran karɓa. "The application should be turned in" miƙa takardar nema ne, "should be turned down" ƙin amincewa da ita ne. Haka nan ɗan kasuwa ya lura cewa "marked up" ƙarin farashi ne, "marked down" ragi.

Wasu marubutan ofis suna yar da kalmar ne saboda an koya musu cewa ba a rufe jimla da irin su "into" ko "with". Ana danganta asalin wannan ra'ayi da marubucin Ingila John Dryden a shekarar 1672, kuma masana nahawun zamani ba sa ɗaukar sa a matsayin doka. "The complaint will be looked into" jimla ce cikakkiya, ma'anarta za a binciki koken. Ko da 'yan rakiyar biyu ne, duka ake riƙewa: "The old system should be done away with", ya kamata a kawar da tsohon tsarin.

Sauran kurakuran da aka saba gani su ne mantawa da "be", kamar a rubuta "must filled in", da barin aikatau a sigarsa ta farko, kamar "must be fill in". Amma "fill in" da "fill out" duka karɓaɓɓu ne wajen cike fom: na farko ya fi yawa a Ingila, na biyu a Amurka.

Nauyin umarni yana kan mataimaki

Tun da irin wannan jimla ba ta faɗin wanda zai yi aikin, mataimaki ne ke nuna ƙarfin maganar. "Must" dole ce. "Shall" a takardun doka da na yarjejeniya ita ma wajabci take nunawa. "Should" shawara ce mai ƙarfi, "may" kuwa izini ko yiwuwa.

A kula da korewa. "The receipt must not be sent back" hani ne: kada a mayar da rasit ɗin. "It need not be sent back" na nufin ba dole ba ne a mayar. "It may not be sent back" tana da fuska biyu, ko dai ba a yarda a mayar ba, ko kuma wataƙila ba za a mayar ba, don haka mai rubuta takardar hukuma gara ya guje ta.

Idan magana ta shafi abin da ya wuce, "have been" ke maye gurbin "be". "The file should have been handed in" na nufin ya kamata a ce an miƙa fayil ɗin, amma ba a miƙa ba. A takardar tuhuma, wannan zargi ne. "The file must have been handed in" kuwa ba umarni ba ne, kyautata zato ne: lalle an riga an miƙa shi.

Waɗanda ba sa shiga wannan tsari

Aikatau ƙi-karɓau ba ya ɓoye aikau, domin babu abin da za a kai farkon jimla. Mota idan ta lalace ana cewa "The lorry may break down", ba "may be broken down" ba, wadda ke iya nufin za a wargaza ta. Haka "show up", halarta, da "run out", ƙarewa: "The stock will run out" ake cewa idan haja za ta ƙare.

Kafin a sa hannu a kan takarda, ko a aika da ita, yana da kyau a mayar da jimlar zuwa Hausa da "dole a", "ya kamata a" ko "mai yiwuwa a", sannan a duba 'yar rakiyar a ƙamus tare da aikatau ɗinta, ba kowanne shi kaɗai ba. In jimlar ba ta faɗi wanda zai yi aikin ba alhali akwai kuɗi ko wa'adi a ciki, a nemi a rubuta shi ƙarara.