Rayuwa a Duniyar Mas

Duniyar Mas ita ce ta huɗu daga rana, kuma cikin maƙwabtan duniyarmu ita masana suka fi sa wa ido wajen neman rai. Yininta awa 24 ne da minti 37, shekararta kuwa kwana 687.

Busassun kwazazzabai da ke samanta sun nuna cewa ruwa ya taɓa gudana a can shekaru biliyoyi da suka shuɗe. Har yau akwai ƙanƙara a ƙuryoyinta na arewa da kudu. Hukumar NASA ta Amurka ta saukar da kumbon Viking a 1976, motar Curiosity a 2012, sai Perseverance a 2021 a ramin Jezero, inda tsohon tafki yake, tana haƙar duwatsu tana adanawa don neman burbushin ƙananan halittu. Ba a tabbatar da samun rai ba tukuna.

Zaman ɗan Adam a can jan aiki ne. Iskarta siririya ce ƙwarai, kusan kashi 95 cikin 100 kabon-dayoksaid, ba ta shaƙuwa. Sanyi kan kai digiri 60 ƙasa da sifili, ga tururin rana mai illa. Tafiyar kanta kan ci wata shida zuwa tara.