Tabon haƙora mai zuwa daga ruwan sha: dalilinsa da gyaransa

Idan kun ga haƙoran yaro da fararen ɗige-ɗige kamar alli, ko da tabo ja mai duhu wanda asuwaki bai fid da shi, kada ku ce ƙazanta ce. Sau da yawa ruwan sha ne ya kawo shi. Likitoci suna kiran wannan matsala fuluworoz.

Mi ke kawo shi?

Cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa akwai wani sinadari mai suna fuluwor, wanda yake narkewa cikin ruwa. Kaɗan daga gare shi yana ƙarfafa haƙori, yana kare shi daga ruɓewa. Amma in ya yi yawa, sai ya ɓata farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligaram 1,5 cikin lita 1 ta ruwan sha.

Ɓarnar tana faruwa ne lokacin da haƙoran dindindin suke ginuwa cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara 8. Babban mutum da ya sauka wani gari ba zai yi wannan tabo ba. Kuma ba a ɗaukar shi daga wani.

Abin ya taɓa faruwa ƙasarmu. A Tibirin Gobir, cikin jihar Maraɗi, daga 1985 zuwa 2000, mutane sun sha ruwan famfo wanda fuluwor ɗinsa ya ninka ma'aunin fiye da sau 3. Haƙoran yara masu yawa sun ɓaci, kuma ɗaruruwa daga cikinsu ƙasusuwan ƙafafunsu sun lanƙwashe. Saboda haka, tabon haƙora gargaɗi ne: a binciki ruwan.

Abin da bai kamata ku yi ba

Dattin goro, taba ko shayi bisa haƙori yake, likita yana iya kankare shi. Tabon fuluwor kuwa cikin ɓawon yake. Kada ku dirje haƙora da gawayi, toka, rairayi ko lemun tsami. Tabon ba zai fita ba, ɓawon ne zai cinye, kuma in ya tafi ba ya sake tsirowa. Daga nan ruwan sanyi da abinci mai zafi za su dinga sa ku zogi.

Yadda likitan haƙora yake gyarawa

Ana samun likitocin haƙora a manyan asibitocin birane kamar Yamai, Maraɗi da Damagaram. Gyaran ya danganta ga zurfin tabon:

1. In tabon sama-sama ne, likita yana goge wuri kaɗan da wani magani mai tsami haɗe da gari mai laushi, da awo, don kada ɓawon ya cutu.
2. Yana iya shafa maganin da ke hasken da haƙori, har launinsa ya daidaita.
3. Fararen ɗige-ɗige, ana ɗura masu wani ƙaro mai ruwa-ruwa wanda yake shiga ƙananan ƙofofin ɓawon ya daskare.
4. In akwai ramuka ko tabo mai duhu ƙwarai, ana lulluɓe fuskar haƙorin da abu mai launin haƙori.
5. In haƙorin ya gutsuttsure, ana sa mashi hula wadda ta rufe shi gaba ɗaya.

Hanyoyi 2 na ƙarshe sun fi tsada, kuma galibi ana jiran yaro ya gama girma kafin a sa mashi hula. Ku tambayi kuɗin aikin tun kafin a fara. In tabon kaɗan ne kuma bai dame ku ba, ba dole ne a taɓa shi ba.

Yadda za ku kare ƙananan ƴaƴanku

Fuluwor ba shi da launi, ba shi da wari, ba a jin ɗanɗanonsa. Awo kaɗai yake nuna shi. In yara da yawa a garinku suna da tabon, ku sanar da likita da magajin gari, ku nemi ma'aikatan ruwa su auna ruwan rijiya ko famfo. In ya yi yawa, ku nemo wa yara ƴan ƙasa da shekara 8 wani tsabtataccen ruwan, na sha da na dahuwa.

Ku sani tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fid da fuluwor. Tace shi da ƙyalle ma haka. Nonon uwa kuwa fuluwor ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, sai a ci gaba da shayarwa.

Kada ku daina goge haƙora da man goge haƙora. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 3, ku sa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Ku koya mashi ya tofar, kada ya haɗiye.

Yaron da ke rufe baki in zai yi dariya, kada a yi mashi ba'a. Ku gaya mashi ba laifinsa ba ne, kuma akwai gyara.