Konfitir na gida: dalilin da ya sa ake dafa shi kaɗan-kaɗan

Konfitir ƴaƴan itace ne da aka dafa da sukari har suka yi kauri, ana shafa shi a burodi, wasu kuma su ci shi da fanke. Kalmar daga Faransanci ta shigo Hausa. Wanda ake gani a manyan kantuna galibi na ƙetare ne, alhali a watannin Afrilu da Mayu mangwaro kan cika kasuwannin jihar Maraɗi, musamman a fadamar Gulbin Maraɗi da ta ratsa Tibiri da Gidan Rumji, har ya riƙa ruɓewa a gaban masu sayarwa. A Agiye da Gazawa kuwa, inda jigawa ta fi yawa, akwai yakuwa a gonakin hatsi da gujiya, kuma jan zoɓorodonta da ake bisap da shi yana yin konfitir mai kyau bayan kaka.

Abin da ke hana konfitir lalacewa sukari ne. Idan ya kai wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin abin da aka dafa, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba su samun ruwan da za su rayu. Don haka ma'aunin da aka saba shi ne kilo 1 na naman mangwaro, ban da ɓawo da ƙwallo, giram 750 zuwa 800 na sukari, da ruwan lemun tsami biyu. Mai rage sukari saboda tsada ta sani cewa abin da ta dafa na ƴan kwanaki ne, ba na ajiya ba.

Kaurin yana zuwa daga wani sinadari mai danƙo, pektin, wanda ba ya aiki sai da tsami. Mangwaron da ya nuna luguf ba shi da shi sosai, shi ya sa ake haɗa shi da kaɗan daga wanda bai gama nuna ba. Mangwaron aure ya fi sauƙin aiki. Na gargajiya mai zare sai an tace shi da rariya. Gwaba da zoɓorodo suna da pektin isasshe, zoɓorodo ma bai buƙatar lemu: a jiƙa busasshensa, a dafa ya yi laushi, a auna, a zuba sukari daidai nauyinsa.

Kada abin da ke cikin tukunya ya wuce kilo 2. A tukunya mai faɗin baki, kilo 1 kan yi kauri cikin minti 20 zuwa 30 ana motsawa da muciya. Idan aka cika babbar tukunya, ruwan ba ya ƙonewa da wuri, dahuwar ta yi tsawo, ƙasan ya kama, launin ya yi duhu, pektin ɗin ma ya mutu. Ga kuma lissafin aljihu: in aikin ya ɓaci, sukarin kilo guda aka yi asara. Tukunyar inoks ta fi dacewa, domin tsami na cin alminiyum.

Konfitir na kamawa a zafin digiri 104 zuwa 105. Wadda ba ta da ma'aunin zafi ta ɗiga kaɗan cikin kofin ruwan randa: in ɗigon ya nutse a dunƙule, ya yi, in ya watse, da saura.

Wurin zubawa ne aka fi yin sakaci. Kwalbar mayonez mai murfin ƙarfe ta isa, muddin an tafasa ta da murfinta minti 10. A zuba konfitir da zafinsa, a bar kamar santimita 1 a sama, a goge bakin, a rufe gam, a kife ta minti 5. Robar da aka sha ruwa a ciki ba ta yi. Kwalbar da ta rufu da kyau na kai watanni a wuri mai duhu, amma da zarar an buɗe, in babu firijo, a cinye cikin ƴan kwanaki, ana ɗiba da busasshen cokali. Shi ya sa ƙananan kwalabe suka fi babba guda. Wadda aka ga fumfuna a samanta, ko murfinta ya kumbura, a zubar da abin ciki duka.