Mugu Mai Biyayya: Daga Freud Zuwa Fromm

A makon nan Turai za mu leƙa, mu ga yadda masana halayyar ɗan'adam suka yi ta kai-kawo a kan tambayar da ke damun duk wanda ya taɓa saka mugu a labarinsa: daga ina mugunta take fitowa?

A 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya laƙume miliyoyin rayuka, Sigmund Freud ya ce kowa da ƙishirwar rusawa ake haihuwarsa, tarbiyya danne ta kawai take yi. Erich Fromm, Bayahuden Jamus da ya taso a tafarkin Freud, bai gamsu ba. Ya ga yadda mutane masu kamun kai suka bi Hitler, shi kansa sai da ya yi hijira zuwa Amurka a 1934. A littafinsa na 1941 ya ce wanda kaɗaici da rashin tabbas suka dame shi, 'yanci kan zame masa kaya. Sai ya miƙa wuya ga na sama, ya huce a kan na ƙasa, ko ya narke cikin jama'a har ya rasa ra'ayin kansa.

Misalin da ya fi jan hankalinmu shi ne na 1973, inda Fromm ya bi ƙuruciyar Heinrich Himmler, shugaban rundunar SS da ta gudanar da sansanonin kisan Yahudawa. (Shekara ɗaya aka haife su da Fromm, 1900.) Ɗan malamin makaranta ne, mai yawan laulayi, mai ladabi, mai tsantseni da tsari, har ranar da wasiƙa ta iso masa yakan rubuta ya ajiye. Amma da ya ga budurwar yayansa ba ta yi masa ba, sai ya matsa lamba har aka fasa auren, ya kuma ɗauki ɗan leƙen asiri ya tono masa laifinta, duk da sunan kare mutuncin gida.

Mu kuwa a littattafanmu, kishiya ko kawu daga shafin farko suke zare ido, babu dalili, babu wanda suke tsoro. Himmler da Fromm ya zana yana da wanda yake tsoro, kuma yana ganin kansa mutumin kirki.

Kada dai mu haɗiye nazarin duka. Fromm bai taɓa zama da Himmler ba, daga takardu da binciken masana tarihi ya yi aikinsa. Kuma yara masu irin wannan biyayya sun cika Jamus a zamanin, akasarinsu ba su zama shugabannin SS ba.